In Kuɗi Ya Ragu

Ranar Asabar na rufe rumfa da wuri a Panteka.
Na wanke hannu da kalanzir, na maimaita da omo,
baƙin mai ya ƙi barin ƙarƙashin farce.
Takardar tana aljihun gaba, ninki huɗu,
ta sha gumi har ta yi laushi kamar tsohuwar naira ɗari.

Samanta rubutun nas ɗin Asibitin Dutse ne:
safar hannu, ledar shimfiɗa,
auduga, man zaitun, abin matse cibiya.
Waɗannan na gama da su tun watan jiya,
ɗaya bayan ɗaya,
duk ranar da mai ƙofa ko mai taga ya tuna da bashina.

Ƙasanta hannun Balaraba ne, manyan baƙaƙe:
bahon wanka, shawul, hula uku, famfas,
gidan sauro ƙarami mai naɗewa.

Wanda ya raɗa wa Kasuwar Barci suna
bai taɓa shigarta ranar Asabar ba.
Mai kura ya goge ni, mai gwanjo ya ja rigata,
na taya baho, aka yi mini albarka sau biyu, na uku aka sallama.
Can na hango wani takalmi ja,
tsawonsa bai kai babban yatsana ba.
Babu shi a takarda.
Na biya dubu biyu da rabi ban taya ba,
ina tafe ina murmushi ni kaɗai kamar sabon kamu.

A rumfar Mama Saratu na miƙa takardar.
Ta gyara tabarau, ta bi ta da yatsa,
sannan ta juya ta.
Ta ce, “Maƙeri, ka duba baya kuwa?”

Ban duba ba.
Sati biyar tana aljihuna, ban duba ba.

Da fensir ne, ƙanana, kamar masu neman gafara:
rigar mama mai buɗewa ta gaba, biyu,
zani mai duhu,
audugar mata, babba,
filas na ruwan zafi.
A ƙarƙashi, an ja layi:
in kuɗi ya ragu.

“Lamba nawa take sawa?”
Ni da ke gane sifana sha uku da ido a rufe,
ni da ke auna rodi da kallo,
shekara shida da aure,
na tsaya ina ƙirga tururuwan ƙasa.
Matan rumfar gefe suka kwashe da dariya.
Mama Saratu ba ta yi ba.
Ta ce, “Ɗauki wadda ta ɗara. Ruwan nono yana zuwa da nasa awon.
In ba ta yi ba, ka dawo da ita, na san fuskarka.”

Na zazzage aljihu a kan teburinta.
Kuɗi bai ragu ba.

Na koma layin da na fito.
Mai takalmi ya ce ba a mayar da kaya,
na ce jariri ba ya tafiya,
ya ce da ka saya ba ka sani ba?
Ya zaftare ɗari biyar, na karɓi sauran.
Filas ɗin ya zama bashi, zuwa Asabar ta sama.
Mama Saratu ta jefa tsamiya ƙulli ɗaya a ledar, ta ce gyara.

Hadari ya riga ni isa Rigasa.
Na kifa bahon a ka daga bakin titi har gida,
ruwa yana kiɗa a kansa.

Na same ta a tabarma, ƙafafu sun kumbura,
ta ɗora su a kan buhun masara.
Ta buɗe leda, ta ciro shawul, ta ciro hula,
sai hannunta ya tsaya.
Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Wa ya ce ka juya takardar?”

Kafin in haɗa amsa ta kama hannuna,
da baƙin man da komai,
ta ɗora a gefen cikinta,
inda wani marar takalmi
yake ta shuri.